Jan Layin da Ya Bi Ta Titinmu

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya aiki, yaya haƙuri da mu? Mu nan lafiya lau, sai tsufa. Gwiwata ta hagu tana nan tana yi mini tsiyarta. Innarki ma mura ta ɗan taɓa ta da saukar ruwan farko, amma ta sake ta.

Na san za ki ce me ya hana ni bugo waya. Shekarun da na yi ina dukan ƙarfe a shagon walda sun tafi da kunnena, in na kara wayar nan ke kina magana can, ni ina ihu nan, a tashi ba wanda ya fahimci wani. Innarki ce mai ji a gidan nan, maganar kuwa ba na so ta shiga kunnenta tukuna. Shi ya sa na ɗauko biro.

An liƙa wata takarda a turken wutar da ke bakin shagona. Wai hukumar tsara gari ta fito da yadda garin nan zai kasance nan da shekara ashirin, za ta kuma zauna ta sake duba tsarin, ta ji ta bakin jama'a, kafin ta miƙa wa majalisa. Ni da maƙwabcina Tela muka je ofishinsu muka ga taswirar, faɗinta ya kai ƙyauren gareji. Da ƙyar muka gano titinmu, sai da muka biyo gada da yatsa. Uwata, wani jan layi ne mai kauri ya taso daga tashar mota, ya bi ta kan gidan Mai Wanki, ya bi ta kan namu, ya bi ta kan na Tela, ya ɓulle ta bayan makaranta. Na tambayi ma'aikacin da ke zaune wurin, ya ce in karanta bayanin da ke gefe. Bayanin kuwa an rubuta shi ne don idon 'yan shekara ashirin.

Tunda zanen taswirar gari shi ne aikinki a can inda kike, ki gaya mini tsakani da Allah: mene ne jan layi?

Ba ginin nake ji ba, bulo ne da kwano. Kin zauna da mu kina 'yar firamare, kin san gidan, amma ba ki gan shi ba tun da idon Innarki ya rufe. Gidan nan da titin nan su ne idonta yanzu. Ita ke girkinta, ita ke shararta, ita ke shanya wankinta. Da hantsi ta fita ta dafa katanga, ta tafi hira wurin matar Mai Wanki, ba mai riƙe mata hannu. Baƙo sai ya yi rabin wuni a nan bai gane ba ta gani ba. Ranar da na matsar da kujera ɗaya ban gaya mata ba, wankin babban bargo na sha. In aka ɗauke ta aka kai ta wani gida, an ƙarasa makantar da ita ke nan, kuma Allah bai ba mu ɗan da zai yi mata jagora ba.

Sunan mahaifiyata aka sa miki, to ga tsohon ɗanki ya kawo kuka. Ki amsa da wuri.

Naki,
Kawunki

*

Zuwa ga Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da kyau, ina gaishe da Inna, Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu ma lafiya, sai ƙaramin da ke fama da haƙori, ya hana kowa sakat.

Ka yi haƙuri, a tsaye nake rubuta wannan, mota na jira na. An tura mu awon filaye a bayan gari, za mu ɗan kwana biyu.

Jan layi mai kauri yawanci sabon babban titi ne, ko faɗaɗa tsoho. Amma kada ka damu tukuna, ba a gama magana ba. Wannan zama da za su yi, don a gyara tsarin ake yin sa, kuma na sha ganin an karkatar da layi saboda mutanen wuri sun yi magana. Lallai ku je ranar. In na dawo zan rubuto maka dalla-dalla yadda ake yi.

A shafa mini kan kyanwar Inna in tana nan da rai.

'Yarka

*

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fata kin dawo daga dajin naku lafiya, haƙorin ƙaramin abokina kuma ya fito. Mu lafiya. Kyanwar ta mutu tun bara, wata ce yanzu, ɓarauniya.

Na ga wasiƙarki, in dai wasiƙa ce. Na juya bayan takardar ko saura yana can, wayam. Amma kin ce kada in damu, na kuwa ɗauki maganarki, ranar na yi barci har da minshari in ji Innarki. Na jira mai dalla-dallar, shiru, ranar zama kuma ta matso, sai muka yi ta kanmu.

Mazan titinmu muka taru a ƙarƙashin rumfar shagona. Mai Faci ya ce mu je kowa ya amayar da abin da ke cikinsa. Tela ya ce a'a, wurin manya za mu, ba kasuwa ba, in kowa ya buɗe baki sai a ce mutanen titin nan ba su da babba. Muka ga gaskiyarsa. Aka ce mutum ɗaya ya yi magana da yawun kowa, da aka duba furfura kuma ba wanda ya kai ni. Innarki kuwa ce mata na yi taron gyaran kwata ne. Ta goge mini rigata da kanta, har tana tsokana wai yau kwata ta samu ango.

Ɗakin taron sanyi kamar cikin firij. Kujeru a jere, can gaba dogon tebur, 'yan hukumar suna zaune kowa da robar ruwansa, gefe guda wata mata tana ta buga na'ura ba ta ko ɗaga kai. Mun cika layi uku, har da matan da suka samu fitowa.

Mutanen sababbin gidajen bayan tasha aka fara kira, da masu manyan motoci. Uwata, ban taɓa ganin rashin tarbiyya irin wannan ba. Mutum ya miƙe, ba sallama, ba sannu da aiki, ya faɗi sunansa, ya ce yana goyon bayan titi, ya koma ya zauna. Wani ya taso ya maimaita abin da na farko ya faɗa, kamar ba a ji ba. Haka suka yi ta yi, har na ji kunya ta kama ni a madadinsu.

Da aka zo kaina na ce yau za su ga bambanci. Na yi sallama. Na gai da shugaba, na gai da na damansa da na hagunsa, kowa na dube shi ido da ido na yi masa sannu da ɗawainiya, har matar nan mai na'ura ban bar ta ba. Na yi godiya kan fitilar titi da suka sa mana, da kwalbatin da suka gyara shekarun baya, don ba a zuwa roƙo da hannun da bai san godiya ba. Na yi musu addu'a, ɗaki ya amsa da amin. Na faɗi ko ni wane ne, da yadda na zo titin nan tun yana ciyawa. Ina cikin haka na ji Tela yana jan rigata ta baya. Ashe wai an kaɗa wata 'yar ƙararrawa, kowa minti uku aka ba shi. Ni ina na ji ta? Na ce to, sai maganar titin nan, muna roƙo a dube mu da idon rahama. Tela ya ce lokacin an riga an kashe abin maganar, amma ai bakina sun gani.

Shugaban ya yi murmushi ya ce, "Mun gode, Baba, Allah ya ƙara girma." Har tafi aka yi mini, su waɗancan ba wanda ya tafa musu. Sai sakatare ya tambaya ko akwai wani daga titinmu da ke da magana. Mutanenmu suka haɗa baki suka ce, "Dattijonmu ya gama." Wallahi sai da na ji ƙwalla, don ban san suna ganin girmana haka ba.

To kin ji yadda aka yi. Ina ganin mun fita kunya. Mai hankali ai ba sai an buɗe masa magana duka ba, sun ga layi uku na mutane, sun san ba yawon shan sanyi ya kawo mu ba.

Kawunki

*

Zuwa ga Kawu,

Ina gaisuwa, ina gai da Inna. Na dawo lafiya, aikin ne ya ja fiye da yadda aka ce. Na tarar da wasiƙarka a kan tebur ta yi kwanaki tana jira na. Tun ban kai ƙarshenta ba na gane abin da ya faru.

Kawu, ban san ta inda zan fara ba. Hukumar garinku tana wallafa abin da aka yi a kowane zama, na nema na karanta. Ga abin da matar nan mai na'ura ta rubuta a kanku: wakilin mazauna titin ya gode wa hukuma bisa ayyukanta, ya yi mata fatan alheri. A ƙasa kuma aka ce ba a samu wanda ya nuna rashin amincewa da sabon titin ba.

Ba mugunta ta yi ba, abin da ya shiga abin magana shi take rubutawa. A irin wannan zama ba a duba fuska, ba a duba yawan waɗanda suka zauna, bakin da ya ce na yarda ko ban yarda ba shi ake ƙirgawa. Mutanen nan da ka ga suna maimaita magana ɗaya sun san haka, shi ya sa kowa ya miƙe. Ku da kuka fi su yawa, a takarda mutum ɗaya ne, shi ma godiya ya yi. Gaisuwa ta cinye maka lokacinka, Kawu.

Wannan shi ne abin da na ce zan rubuto maka. Layi biyu ne kawai, da na tsaya na ƙara su a waccan wasiƙar kafin in hau mota. Na shiga banɗakin ofis na yi kuka har na gode Allah.

Amma a gwada wannan. Kowane mai gida ya rubuta takardarsa daban, da sunansa, ya ce a fili bai amince layin ya bi ta titinku ba. Ban da doguwar gaisuwa, ban da roƙo. A kai ofishin a karɓo shaidar an kai. In tsarin bai wuce majalisa ba, akwai sauran numfashi. Don Allah a yi shi cikin makon nan.

'Yarka

*

Zuwa gare ki,

Na samu saƙonki. Muna lafiya.

Wato gaisuwa ta cinye mini lokaci. Na karanta layin nan ya fi a ƙirga. Na gode da aka tuna mini ni baƙauye ne, na je gaban masu ilimi na yi abin dariya. Tafin da aka yi mini ma ashe na ganin wawa ne. Ni dai haka aka rene ni, ban iya tsayawa gaban mutum in ce masa ban yarda ba tun ban tambayi lafiyarsa ba. Wadda kika ci sunanta da ta ji na yi haka, da ta ci mini mutunci.

Duk da haka na bi maganarki, na bi gida gida. Mai Faci ya rubuta, ni na rubuta, sai wata bazawara ta ƙarshen layi. Sauran suka noƙe. Tela ya ce, "Yaya za mu yi godiya a bainar jama'a, mu koma ta bayan fage mu ce ba mu yarda ba? Ai mun zama masu baki biyu." Mai Wanki ya ce shi bai taɓa sa sunansa a takardar ƙarar hukuma ba, ba kuma zai fara da furfura ba. Ba wanda ya ce laifina ne. Gara ma su faɗa, da wannan sannu da suke yi mini kamar mai jinya.

Na kai takardun uku. Wani jami'i ya ba ni kujera, ya matso kusa da kunnena, mutumin kirki. Ya ce lokacin karɓar ƙorafi ya wuce, majalisa ta riga ta sa hannu. Na ce to yaushe za a rushe mu? Ya ce ba gobe ba, Baba, ƙila shekara biyar, ƙila goma sha biyar, sai an samu kuɗin aikin. Ya faɗe shi kamar albishir yake yi mini.

Na fito ina cewa to ai da sauƙi, ƙila ma mu riga katafila tafiya. Ashe ban fahimta ba. Duk gidan da layin ya taɓa, an daina ba shi izinin gini ko babban gyara. Bangon ɗakin girkinmu da ya tsage, an ce in tokare shi da katako. Bututun ruwan bakin titi ya fashe, masu ruwa suka zo suka toshe shi gaba ɗaya, wai ba a zuba sabon bututu a inda za a fasa. Yanzu wasu mutane masu jakunkuna ke yawo gida gida suna taya gidaje a wulaƙance, su za su jira diyya. Tela da ya ce kada a yi baki biyu, shi ya fara sayarwa.

Innarki har yau kwata ta sani. Ta tambaye ni me ya sa ba ta jin keken ɗinkin Tela, na ce ya kai shi gyara.

Kada ki wahalar da kanki da amsa, na san aiki ya yi miki yawa.

Kawu

*

Zuwa ga Kawuna,

Ina gaishe ka, ina gai da Inna. Wannan ita ce ta uku da na rubuto ba amsa. Damina ta wuce, har yara sun koma makaranta sun sake samun hutu. Na buga wayar Inna a kashe. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Wallahi ban ce kai baƙauye ba ne. Kaina nake zargi, ba kai ba. A gidanka na koyi gai da mutane, ina kuma koya wa 'ya'yana. Ɗakin taron nan ne ba a gina shi don irinku ba, ni kuma na sani ban faɗa ba. In fushi kake, ka zage ni a takarda, na yarda, amma ka rubuto.

Na tambayi wani lauya a nan, ya ce ana sake duba irin wannan tsari bayan wasu shekaru, ana iya shigar da ƙorafi a lokacin. Na san ba wani abin kirki ba ne, amma shi ke hannuna.

Yaya Inna? Ka gaya mata?

'Yarka mai neman gafara

*

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Duk wasiƙunki sun iso. Ba fushi nake ba, fushin ya daɗe da ƙarewa, ban da ƙarfinsa. Na rasa abin da zan rubuta ne. Ki gai da maigidanki da yara. Gwiwa tana nan. Innarki jikinta lafiya, ci ne dai ya ragu.

Titin ya zama kango. Bayan Tela, Mai Faci ya tashi, bazawarar nan ta koma wurin 'yarta. Mai Wanki shi ya fi daɗewa, amma mai wanki ba ruwa ai zaman banza yake. Matarsa ta shigo yi wa Innarki sallama, na tare ta a ƙofa na roƙe ta ta ce ganin gida za ta. Ta faɗa hakan.

Wanda ya sayi gidan nasu bai jira hukuma ba. Ya turo ma'aikata suka cire kwano da ƙofofi da tagogi, suka rushe katangar waje suka kwashe bulon a mota. Wuni ɗaya suka yi. Da Innarki ta ji buge-bugen, na ce mata gyaran rufi ake yi musu.

Washegari da hantsi ina cikin shago ina yankan ƙarfe. Innarki ta ce a ranta bari ta je ta ji ko ƙawarta ta dawo. Ta fito ta dafa katangarmu kamar kullum, ta bi ta, ta bi ta, sai hannunta ya faɗa iska. Ta ɗan ƙara gaba tana lalube ko za ta taɓo ta Mai Wanki, ta yi tuntuɓe da ɓaraguzai, ta juya don ta dawo, tamu ma ta ɓace mata. Ta ce ta yi ta kiran sunana, sunan da ba ta taɓa faɗa da ƙarfi ba tun da aka kawo ta gidan nan. Ina nan kusa da ita, jifa ɗaya, inji yana kuka a hannuna. Da can kafin ta rufe baki mutum biyar sun fito. Ranar ba kowa a titin.

Ban san iya tsawon lokacin da ta yi tsaye a rana ba. Wani mai wucewa ne a kan babur ya tsaya ya ce, "Mama, ina ne gidanku?" Ta ce masa ba ta sani ba. Shi ya leƙo shago ya taɓa kafaɗata.

Da na shigar da ita ɗaki na wanke mata ƙafar da ta fashe, na buɗe baki zan fara wata ƙaryar. Ta ce, "Malam, ya isa. Kai ne ba ka ji, ni ina ji. Na ji motar da ta kwashe kayan Tela, na ji ta Mai Faci. Na ƙyale ka ne don na ga kana so ka yi mini gata." Ba ta yi kuka ba, ni na yi.

Maganar lauyanki, ki yi masa godiya. Ko sun goge layin nan gobe, ba su da titin da za su mayar mata. Masu jakunkuna sun dawo jiya, ban kore su ba. Na tambaye ta ko mu sayar, ta ce in yi yadda na gani, nan da can duk ɗaya ne a wurinta yanzu. In akwai ɗaki a kusa da ku, na ƙasa, wanda ba hawa, ki bincika mana. Ba ma buƙatar babba.

Tun ranar ba ta sake taka ƙofar waje ba. Na ce to ai cikin gida nata ne, ba wanda ya taɓa mata ko tsinke. Amma ta daina yarda da hannunta. Ta bar shara, ta bar girki, ni nake jagwalgwala mana abin da za mu ci. Ɗazu ina cikin rubuta wannan na ɗaga kai na gan ta tsaye a bakin ƙofar ɗakinta, ta miƙo hannu, bakinta yana motsi. Na matsa na kai kunnena. Cewa take in zo in kai ta ɗakin girki ta sha ruwa.

Naki,
Kawunki